Gishirin da ke Hoton Casilda

Ciudad Juárez,
16 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga Yayata Brígida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Tacho da yaran duka. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ƙanwarmu Casilda, Ya sa ta huta.

Na iso lafiya, kwana biyu cur a mota. Tamal ɗin nan, dafaffen ƙullin masara da kika ƙulle min, ban iya ci ba, na ba wata mai goyo da ke gefena. Da na buɗe ƙofar ɗakinmu sai na tarar da silifas ɗinta a inda ta cire su ranar da muka tafi asibiti, ɗaya ya hau kan ɗaya. Har yau ban taɓa su ba, in ina shara zagaye su nake yi. Shekara goma sha huɗu muna ɗaki ɗaya, Yaya. Har yanzu in na ɗora kofi a wuta na mutum biyu nake dafawa.

Na koma aiki ranar Litinin. An riga an zaunar da wata 'yar Durango a kujerarta. Yarinyar ba ta da laifi, amma hannunta ba na Casilda ba ne. Kin sha tambayata me muke ƙerawa, ina ce miki kayan asibiti ne kawai. Bari in faɗa miki yau, don in ina maganar aikin ji nake kamar tana kusa.

Wani faranti ne muke yi, faɗinsa kamar na tire, mu rariya muke ce masa. A cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ake sa shi, ƙarƙashin inda mace ke ɗora nononta. Hasken da ya ratsa jiki ya wuce a miƙe, rariya ta bar shi ya kai ga fim. Wanda ya fantsama gefe kuwa sai ta tare shi, don kada hoton ya yi hazo. Da zaren dalma ake yin ta, siriri, ya fi gashin kai siranta. A jera zaren dalma, a jera na takarda, a shafa gam, a sake jera na dalma, haka har kusan dubu, kowane da ɗan karkatar da zai yi. Casilda mai jerawa ce, kuma duk ɗakin babu mai hannunta. Ni mai dubawa ce. In an gama sai a ɗauki hoton rariyar ita kaɗai, a miƙo min fim, in ɗora a allon haske in nemi aibi.

Da na zauna ranar farko, sai Doña Chayo ta teburin gam ta taho ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke 'yar Veracruz, in kukan za ki yi fita waje. Hawaye na ɓata dalma, a zo a ce mu muka yi." Tana faɗa nata na gangarowa cikin takunkumi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi da na kira shagon waya, Yaya Tacho ya ce nas ɗin garinmu ta tura ki Acayucan an ɗauki hotonki, tunda ciwon nono ne ya ci 'yar'uwarki. Ya ce likita ya ba ki takarda ki je babban asibiti a Coatzacoalcos a ƙara bincike, ke kuma kin tura takardar ƙarƙashin hoton Uwa Maryamu kin ce sai bayan girbi. Yaya, don girman Allah ki je. Masara ba za ta gudu ba. Mu uku Mama ta haifa, saura mu biyu.

Zan ba Don Lencho mai mota wannan takarda, ya fi gidan waya sauri. Ki gaida min kowa da kowa, har da makwabta da suka tsaya mana a addu'ar kwana tara.

Ni ce ƙanwarki,
Herminia

Ciudad Juárez,
8 ga Maris, 2004

Zuwa ga Yayata Brígida,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙauna, da fatan kun tashi lafiya ke da mutanen gida. Nan sanyi ya fara sauƙi, sai dai iska.

Don Lencho ya kawo min wasiƙarki, da kuma babban ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa. Tun kafin in buɗe na san abin da ke ciki. Ashe ba ki je ba. Hoton kika aiko min.

Na karanta abin da kika rubuta ya fi sau goma. Kin ce, "Ke ce likitarmu, ki duba min kamar yadda kika duba wa Casilda. In dattin na'ura ne, ba zan bar gonata in je in tuɓe wa wani ƙato riga ba." Kin kuma ce ai na Casilda ma datti ne, tunda a nonon hagu aka ga ɗigon, ciwo kuma daga baya ya zo ya kama na dama.

Yaya, ni ba likita ba ce. Aji shida na yi a firamare, ke kika yi min kitson ranar da na gama. Ban san ranar da kuka mai da ni likita ba, amma na san ban hana ku ba, don daɗi nake ji.

Labarin ranar nan a bakin Casilda kika ji shi. Bari ki ji a nawa. Watan Oktoba ne na shekarar da ta wuce waccan, ranar Asabar da rana. Ta shigo da irin wannan ambulan, ta wurga shi kan gado ta ce, "Wai in koma Laraba su soka min allura su ɗebi nama. Duba min, Malama mai ido, me suka gani?" Kin san ta da tsoron allura tun tana ƙarama.

Na ɗaga fim ɗin a taga. Sai na ga wasu 'yan ɗige-ɗige farare sun taru wuri ɗaya, kamar an barbaɗa gishiri. To abin da nake gani ke nan kullum a wurin aiki. In burbushin dalma ya maƙale cikin gam, haka yake fitowa a fim, fari tas. A sati nakan mayar da rariya biyar ko shida saboda shi. Na yi dariya na ce, "Wannan ai dattin rariya ne. Wata malalaciya ce ta jera, wata makauniya ta duba."

Ta ce, "Rantse."

Na ce, "Shekara nawa ina kallon wannan abin? Likitan naki ya taɓa riƙe rariya a hannunsa?"

Ta ce, "To in tawa ce rariyar, ai ke ce makauniyar."

Muka yi ta dariya. Ta tashi ta soya mana ƙwai da barkono, tana waƙa. Laraba ta zo, muka hau motar kamfani tare kamar kullum. Ambulan ya shiga ƙasan akwati.

Jiya na ɗaga naki a wannan tagar. Na ga abin da na gani, kuma ba zan ce miki komai a kai ba. Bakina ya yi magana sau ɗaya, ya isa. Ki ɗauki takardar likita daga inda kika sa ta, ki je. Yaya Tacho ya ce zai raka ki, surukarki za ta kula da kaji.

Zan riƙe fim ɗin sati biyu, akwai wanda nake so in nuna wa. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tambayarsa ba, amma yanzu dole ce.

Ki gaida Yaya Tacho da yara. Allah Ya tsare min ke.

Ƙanwarki,
Herminia

Ciudad Juárez,
22 ga Maris, 2004

Zuwa ga Yayata Brígida,

Ina gaishe ki, ina gaida gida, da fatan kowa yana lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajeriya ce. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma ki karanta har ƙarshe ko da ranki ya ɓaci.

Yaya Tacho ya ce har yanzu ba ki je ba. Ya ce kin ce tunda ni, Mina, ban ce ciwo ba ne, to ba ciwo ba ne, kunya ce kawai nake ji don rasuwar Casilda. Na gane shiruna ma kin mai da shi magani. To yau zan yi magana.

Ranar Alhamis lokacin cin abincin rana na ɗauki fim ɗinki da na Casilda na shiga ofishin Injiniya Arredondo, wanda ke kula da ingancin kaya. Mutum ne mai sauƙin kai, yana cin burodinsa a kan takarda. Na ce, "Injiniya, da izininka. Wannan ɗigon, dattin rariya ne?"

Ya ɗora su a allon haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya ce miki datti ne, Doña Mina?"

Na ce, "Ba kowa. Idona."

Sai ya zaro mataji daga aljihun rigarsa, ya kara a gaban fitila. Ya ce, "Kina ganin haƙoransa?" Na ce ina gani. Ya shiga kaɗa shi da sauri, hagu da dama. Ya ce, "Yanzu fa?" Na ce sun ɓace, sai inuwa.

Ya ce, "To haka rariya take a asibiti. Ba a kwance take ba kamar yadda muke gwada ta a nan. Lokacin da ake ɗaukar hoto na'ura motsa ta take yi, don kada layukanta su fito. Duk abin da ke jikinta shafewa yake yi. Abin da ya fito tas haka, ba a rariya yake ba. A jikin mai hoton yake."

Yaya, shekara goma sha huɗu ina duba rariya, ban taɓa ganin ta a cikin na'ura ba. A kwance na san ta, shiru, a kan tebur. Ban taɓa sanin tana motsi ba. Na ce masa ba wanda ya taɓa faɗa mana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarki. Ba mu taɓa tunanin za ku buƙaci sani ba."

Ya ɗaga naki ya ce, "Ni ba likita ba ne, ban ce ciwo ba ne. Amma mai wannan ta je gobe, kada ta jira jibi." Ya nuna ɗayan ya ce, "Wannan fa?" Kafin in amsa idonsa ya kai ga sunan da ke gefen fim ɗin. Ya cire tabarau ya ajiye. 

Saura ɗaya, kuma shi ne mai nauyin. Ba nonon dama ba ne, Yaya. Na hagu ne. A daidai wurin gishirin nan ciwon ya fito, bayan wata tara, kuma lokacin ya riga ya shiga ƙashinta. Ni na yi mata wanka wata biyar, ni na san inda yake. Akwatin gawarta a rufe ya iso muku, shi ya sa ba ki gani ba.

Casilda ce ta shirya ƙaryar. Wata rana da la'asar a asibiti ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Na gaya wa Yaya na dama ne. Kada ki ƙaryata ni, kin ji ko, makauniya? In ta sani ɗanya za ta cinye ki, ni kuma ba na nan balle in raba." Na fashe da kuka, ta ce, "Ke dai ci gaba da shafawa, ba a biya ki don kuka ba." Ba ta taɓa ce min ke kika jawo ba. Ko sau ɗaya. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Na bar ƙaryar ta zauna. Na tsaya kusa da ke a bakin kabari kina rungume da ni, kina cewa dalmar kamfani ce ta kashe ta, ban gyara miki ba. A rana ta tara ta addu'a, da aka ɗauke gicciyen da aka ajiye mata a gida, ni kuka ba kyandir na riƙe. Duk wannan lokaci ina lallashin kaina cewa wataƙila dai datti ne, ciwon kuma ya zo daban ya faɗa wuri ɗaya. Ranar Alhamis mataji ya raba ni da wannan ma.

Likitoci sun ce da ta koma Larabar nan, da akwai abin yi da yawa. Ni na hana ta komawa. Ba da mugunta ba, da taƙama. Na san abu ɗaya da kyau, sai na ɗauka na san na kusa da shi.

Gishirin da ke hotonki irin nata ne, Yaya. Ga fim ɗinki nan na mayar miki, na haɗa da na Casilda. Ki kai wa likita duka biyun, ki faɗa masa yadda mai ɗayan ta ƙare. Abin da za ki yi da ni bayan nan, naki ne. Amma ki je.

Ƙanwarki, in har kin yarda,
Herminia

Ciudad Juárez,
10 ga Mayu, 2004

Zuwa ga Yayata Brígida,

Bayan gaisuwa, ina fata jikin naki da sauƙi, kuma ɗinkin yana kamawa. Ina gaida Yaya Tacho da ɗawainiya, Allah Ya saka masa. Ina gaida yara.

Sau uku Don Lencho yana isowa ina tarar sa a tasha, sau uku yana girgiza min kai tun daga nesa. Na ƙarshe ya ce, "Doña, ni fa kaya nake ɗaukowa, ba na ƙirƙirar su." Ya ba ni mangwaro biyu daga nasa. Na gane ba za ki rubuto ba.

Komai a bakin Yaya Tacho na ji. Ya ce kin karanta takardata a tsaye a bakin murhu, kika ninke ta, kika ce masa ya nemo takalminsa na fita. Ya ce nan take kuka kama hanyar Coatzacoalcos. Ya ce sun ɗebi naman, ciwon ne, kuma ranar ashirin da bakwai ga Afrilu aka cire nonon. Ya ce likita ya kalli fim ɗin Casilda, ya kalli naki, ya ce ke kin zo da wuri, bai kai ga hamata ba, yana da kyakkyawan zato. Na sa shi ya maimaita min wannan har sau uku, har mai shagon waya ta fara masa tsiya.

Sauran saƙon ma ya isar, kada ki ga laifinsa. Ya yi ta kame-kame, yana zancen ruwan sama da farashin taki, sai da na ce, "Yaya Tacho, faɗi kawai." Ya ce kin ce kada in zo jinya. Kada in zo a Nuwamba ranar tunawa da matattu, kada in zo cikar shekararta. Kin ce in na kira kada a kira ki. Na ji, Yaya. Ba zan zo ba. Kyandir ɗina zan kunna a nan, kusa da silifas ɗinta.

Ni ma na je an ɗauki nawa hoton. Doña Chayo ce ta ja ni, tana cewa, "Likita bokan Turai, yau ke za a duba. Wuce gaba." Da matar da ke ɗaukar hoton ta matse ni a na'ura ta ce kada in yi numfashi, sai na ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashin inda na ɗora nonona, zzz, kamar kudan zuma a cikin kwalba, ba ta fi ƙiftawar ido biyu ba. Rariyar ce take motsi. Da a ce na taɓa jin ƙarar nan ko sau ɗaya a baya, da Casilda na nan. Matar ta zaci zafin matsewa ne ya sa ni kuka, tana ta ba ni haƙuri.

Nawa ya fito fes, babu ko ɗigo. Ban san yadda Allah Yake rabonSa ba. Na daina tambaya.

Na ba matan ɗakinmu labarin duka a teburin abinci, ban rage komai ba.  Washegari wata daga sashen shirya kaya ta nemi izinin rabin yini. Ashe ita ma tana da takarda a ƙasan akwati tun bara.

Ina nan a kujerata ina duban fim. Aikin da na sani ke nan, kuma yanzu na san inda ya tsaya.

Ga abin da nake roƙo, ba yafiya ba ce. Yaya Tacho ya ce akwai ƙarin magani sau shida da za a sa miki ta jijiya, na farko ranar ashirin da huɗu ga wannan wata. Na ga yadda yake a jikin Casilda. Zai sa ki amai, gashinki zai zube, bakinki zai yi ɗaci, a na uku za ki ce kin gaji kin bari. Kada ki bari. Ki riƙa tsotsar lemun tsami, ki ci abinci kaɗan-kaɗan ko ba kya so. Na saka ɗankwalinta shuɗi a cikin wannan ambulan, mai laushi ne, ba ya cin fatar kai. Nata ne, ba nawa ba, don haka kina iya ɗaurawa.

In ranar zuwa ta yi kika ji ba ki da ƙarfin tashi, ki tuna da ni, haushi zai tashe ki. Ki yi ta fushi da ni, Yaya. Ki yi shi a hankali, ki daɗe kina yi, har gashin ya sake tsirowa ya yi furfura, har jikokinki su girma su tambaye ki wace ce wannan Herminia da ba a ambaton sunanta a gidan nan.

Ki huta lafiya. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni ce,
Herminia